Lambar da ke Ƙarƙashin Mariƙi

Wata biyu da rasuwar Inna mai gidan hayar ya aiko yana son ɗakinsa, don haka dole a kwashe kaya. Su biyu kaɗai suka rage da za su yi aikin, Yaya da Auta. Autan nan fa shekararsa hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, 'ya'yansa uku duk sun fi shi tsawo, amma a gidansu ba a taɓa kiransa da wani abu ba sai Auta, har ya kai in aka kira sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Yaya tana bakin gado tana ninke zannuwa, shi yana durƙushe yana jawo tarkacen ƙarƙashin gadon. Takalma wari-wari, kwanon da ba murfi, murfin da ba kwano, rediyon da ya mutu tun Baba na da rai. Can ƙurya hannunsa ya taɓa gwangwanin biskit, kuma tun kafin ya jawo shi ya san abin da ke ciki. Ƙaramar bindigar iska ce, irin wadda ake karya bututunta a sa ɗan dalma guda, an cusa ta cikin tsohuwar safa. Tsatsa ta cinye ta ta yi jawur.

Da wannan bindigar Auta ya fasa wa Yaya ido. Haka ya tashi ya ji, haka kowa ya sani. Yana ɗan shekara huɗu, ita tana tara, wai Baba ya bar ta a ɗane a kan tebur ya shiga wanka, yaro ya ɗauka yana wasa, Yaya ta shigo a guje, shi ke nan. Idon hagu ya tafi, aka sa mata na gilashi. Ba a taɓa dukansa a kan maganar ba, ko sau ɗaya, kuma wallahi da dukan aka yi da ya fi masa sauƙi. Tuni ake yi masa. In ya yi gardama a kan wanda zai wanke kwanuka, Inna ta ce ya dubi fuskar yayarsa tukuna. In ya yi dariya da ƙarfi Baba ya ɗago kai ya dube shi kawai, dariyar ta koma ciki. Yana ɗan shekara bakwai Baba ya kira shi ɗaki, ya ajiye bindigar a gabansa ya ce ga ta nan, ya dube ta da kyau, kada ya ƙara yi wa mutane tambayar banza.

Da abin a wuyansa ya girma. Da ya gama koyon gyaran keken ɗinki wata babbar masana'anta a gari mai nisa ta neme shi, har gida za a ba shi. Baba tambaya ɗaya ya yi masa, wa zai riƙa kai Yaya asibitin ido, sai ya ninke takardar ya ajiye. Kowace Asabar ta duniya yana gidan Yaya: famfo, ƙofa, fanka, kai ko ƙwan lantarki ne ya mutu shi ake kira, alhali a lokacin mijinta na raye da hannuwansa biyu lafiya lau. Matarsa ta yi mita har ta gaji ta zuba ido. 'Ya'yansa kuwa shi da bakinsa ya zaunar da su ya gaya musu abin da ya yi wa gwaggonsu, don kada su ji a waje. Ƙaramar 'yarsa sai da ta yi kwana biyu ba ta yarda ta zauna kusa da shi ba.

Yaya ta leƙo ta ga abin da ke hannunsa, fuskarta ta canza. Ta ce ya jefa ta a shara yanzu-yanzu, ko kuwa in ya fita ya wurga ta a babban kwalbati, ita ba ta son ganinta. Ya ce to. Ta sake cewa da gaske take, ya sake cewa to, tausayinta ya cika masa ciki. Amma da ya fito da buhun shara sai hannunsa ya ƙi. Auta mutum ne da bai taɓa iya wuce ƙarfe mai tsatsa ba, ko cokali ya gani a hanya sai ya juya shi da ƙafa ya ga ko zai gyaru. Ban da haka, shekara arba'in da shida abin nan yana zaune a ƙirjinsa bai taɓa riƙe shi da hankalinsa ba. Ya sa gwangwanin gaba ɗaya cikin jakar kayan aikinsa.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin katifa da wani tsoho mai gyaran agogo. Kawunan kekuna ne jere a kanta har rufi, ƙasa kuwa duk man keke da guntayen zare. A layin an san shi da abu ɗaya, wato gaya wa mutum shekarun kekensa ko yana so ko ba ya so. Mace za ta zo da keke tana rantsuwa na kakar kakarta ne, ya fi shekara ɗari, sai Auta ya kifa shi, ya goge lamba da babban yatsa, ya duba irin sukurun da aka ɗaure shi da su, ya ce mata a'a, Hajiya, wannan keken kin girme shi. Mata nawa suka fita daga shagon nan suna tsaki, Allah kaɗai ya sani.

Ya zuba kananzir a wani tsohon faranti ya jiƙa bindigar. Mai Agogo ya leƙo da gilashinsa maƙale a ido, ya ga abin da ke cikin farantin, ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe, mutumin da ya hana 'ya'yansa ko bindigar ruwa yau shi ke wa bindiga wanka. Auta ya ce ta wani ce aka kawo. Tsohon ya ce to Allah ya sa mai ita yana da haƙuri, don wannan sai ta sha kwana uku kafin ta saki jiki.

Kwana ukun kuwa ta sha. Kullum da safe sai Auta ya ɗiga mai a kan kowane sukuru, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba, ya bar shi. Bai yi gaggawa ba, don sukurun da ya daɗe a tsatsa in ka matsa masa kansa yake cinyewa, ka zo kana da-na-sani. A tsakani yana bin bututun da lallausar samfefa da mai, a hankali, jan yana sauka baƙin ƙarfen yana fitowa. Tambarin kamfanin ya riga ya tafi, sai rabin hoton wata dabba da ba a gane ko kare ce ko barewa. Yana gogewa yana tuna ranar. Yana iya ganinta sarai: tebur mai shuɗiyar leda, nauyin abin a hannunsa, ƙara mai toshe kunne, Yaya cikin jar riga ta dafe fuska. Sau biyu yana ajiye aikin ya fita waje ya sha iska.

Rana ta huɗu da hantsi sukurun mariƙi suka saki. Katako biyu ne suka rufe ƙarfen mariƙin, ɗaya ta kowane gefe. Ya ɗaga na dama, ƙarfen ƙarƙashinsa fes, tsohon giris ya tsare shi tsatsa ba ta kai ba. Akwai lamba an buga. Hannu ya riga hankali, ya goge da babban yatsa ya karanta a fili yadda ya saba yi wa kekuna: huɗu, sai ɗan fili, sai saba'in da tara.

Har ya miƙa hannu zai ɗauki katako na biyu sai ya tsaya. A saba'in da biyu aka haife shi. Ko ɗan aji biyu ya san in aka ƙara huɗu a kan saba'in da biyu ba a kaiwa saba'in da tara. Ya yi tsaki ya ce lambar jeri ce, ko lambar wanda ya duba ta a masana'anta, ai masu yin ƙarfe suna buga shirme kala-kala. Ya koma kan wani keke da ake jira ya kunce masa ƙafa, ya mayar, ya sake kuncewa. Da ya ga ya ɗaura bel a baibai sai ya ajiye, ya ɗauki bindigar ya shiga wurin Mai Agogo.

Tsohon ko minti ɗaya bai yi ba. Ya ce wata ne da shekara, wata na huɗu, shekara ta saba'in da tara. Yana saurayi ya yi aiki a kantin da ke sayar da agogo da kayan kamun kifi da irin waɗannan, kwali-kwali ake kawo su, kuma duk a nan suke ɓoye lambar. Auta ya ce ko an sake mata mariƙi ne daga baya. Tsohon ya cire gilashin ya dube shi, ya ce shi Auta da kansa yake faɗin haka? Lambar a jikin uwar ƙarfen take, in an canza wannan ai an canza bindigar ke nan. Ya ce in yana shakka ya buɗe cikinta ya duba washar da ke tura iska, na da can fata ake sawa, daga baya suka koma farar roba.

Ya koma shago ya ja ƙofa rabi. Sifirin ɗin ciki ƙaƙƙarfa ne, in ka kunce shi da ganganci sai ya yi tsalle ya tafi da haƙorinka, don haka ya matse bindigar tsakanin katako biyu ya riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har ya huce. Ya zaro fistin. Farar roba. Ya juya ta a haske yana addu'ar ya ga zaizaya, ina, ko gefenta bai lashe ba, har layin da injin ya bari ranar da aka yi ta yana nan. Bindigar nan tun da aka ƙera ta ba a harba ta sau goma ba. Baba kuwa cewa yake ya yi shekaru yana harbin ɓeraye da ita a sito.

Sai ya ɗauki katakan mariƙin. Tun yana yaro ya san su a goge, kamar abin da ya sha hannu. Ya sa su ƙarƙashin fitila ya duba da gilashi. Hannu in ya cinye katako santsi yake bari, kuma inda tafi da yatsu ke zama yake ci, ba ko'ina ba. Wannan kuwa ƙananan layuka ne duk sun nufi gefe ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, har wuraren da hannu ba ya taɓa kaiwa. Samfefa ce. Wani ya zauna ya bi sabon katako da samfefa don ya yi kama da tsoho, kuma bai ma iya ba, aikin mutumin da bai saba riƙe kayan aiki ba ne.

Gwangwanin biskit yana nan cikin jaka. Ya zazzage shi a kan tebur: maɓallan riga, makullai uku da ba a san ƙofarsu ba, da katin asibitin Yaya ya yi ruwan ƙasa. An rubuta ranar da aka kwantar da ita da shuɗin biro, wata na goma, saba'in da shida. Ya ajiye katin kusa da ƙarfen. Ranar da idon Yaya ya fashe, saura shekara biyu da rabi a ƙera wannan bindigar.

Kada ku ɗauka nan take ya yi fushi. Ina! Sai da ya kwana biyu yana yi wa Baba lauya. Wataƙila ta ainihin ce ta ɓata, Baba ya sayo irinta don ya nuna masa ya ji tsoro. Wataƙila 'yan sanda suka karɓe waccan. To amma samfefar fa? Duk hanyar da ya bi sai ta dawo da shi kan samfefar. Kuma ga wani abu da ya riƙa taso masa kamar ƙwarnafi: ranar da Baba zai rasu, shekara ashirin da suka wuce, Auta ya durƙusa bakin gadon asibiti yana kuka, ya ce Baba ka yafe mini abin da na jawo wa gidan nan. Baba ya ɗora masa hannu a ka ya ce ya yafe masa.

Ya gama aikin duk da haka, don in hannunsa bai sami abin yi ba kansa ne zai fashe. Ya wanke sifirin ya shafa masa giris, ya mayar da fistin, ya ɗaure komai, ya shafa wa katakon mai har ya yi duhu. Bindiga ta fito tsaf kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ya karɓo ɗan dalma guda wurin Mai Agogo, wanda ba abin da ba ya ajiyewa a aljihun teburinsa. Da ya zo ɗanawa sai da ya tokare ta da gwiwa ya sa hannu biyu, shi ƙaton mutum mai ɗaga kan keke da hannu ɗaya. Ya saita buhun tsummokara a ƙuryar shago ya ja kunamar. Tas, kamar an buga silifa a siminti. Ko mai katifa da ke maƙwabtaka bai ɗago kai ba. To ita ƙarar nan mai toshe kunne da ya yi shekara arba'in da shida yana ji, daga ina ta zo?

A nan ne ya tuna da Yaya, kuma abin da ya ji tausayi ne, Allah sarki Auta. Ya ce a ransa baiwar Allah, ita ma an rufe ta, ta rayu tana kallon ƙaninta a matsayin wanda ya nakasa ta amma ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya rufe shago da azahar, ranar Laraba ce, ya hau mota yana ta shirya yadda zai gaya mata a hankali, don tana da hawan jini. Har ya tsaya a hanya ya saya mata lemu.

Ya same ta a falo tana tsinke zaren wata riga, ta juya kai gefe yadda take yi don idon dama ya kama aikin. Ta yi mamakin ganinsa ba Asabar ba, ta ce ai gara da ya zo, makullin banɗaki ya fara wasa. Ya ajiye lemun, ya zauna, ya ce ta yi haƙuri bai jefar da abin nan ba. Ya fito da ita ya ajiye a kan tebur, ya kunce katakon dama, ya ajiye katin asibiti a gefe, ya miƙa mata gilashi. Ya fara bayani daga lamba, ya zo kan roba, ya zo kan samfefa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai kai saƙon rasuwa.

Ba ta karɓi gilashin ba. Ko leƙa lambar ba ta yi ba. Ta ci gaba da jan zarenta, sannan ta ce, "Ai sai da na ce ka jefar."

Ya ɗauka ba ta gane ba, ya fara maimaitawa. Ta katse shi.

"Na ji ka, Auta. Doguwa ce, ba wannan ba. Ƙadangare yake nema a jikin katanga, ni kuma na fito daga bayan tanki."

"Wa?"

"Baba mana."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Yaya, kin sani?"

"Shekarata tara fa. Ido na rasa, ba hankali ba. Ni aka harba, ta yaya ba zan san wanda ke tsaye gabana ba? Kai kana ɗaki ma kana barci."

Sauran ta faɗe shi tana kallon rigar da ke cinyarta. A asibiti aka tambayi Baba yadda aka yi, ga ɗan sanda a tsaye, sai ya ce yaro ne. Da aka bar su su biyu ya riƙe hannunta yana kuka, ya ce in aka ji shi ne za a kore shi daga aiki, wataƙila a ɗaure shi, amma ɗan shekara huɗu ba mai kama shi, kuma zai manta. Ta ce to. Suka tashi daga unguwar, doguwar bindigar ta ɓace. Shekara uku bayan haka Auta ya je gidan wani maƙwabci mai irinta, ya yi ya yi ya ɗana ya kasa, ya dawo gida yana tambayar Inna ta yaya ya iya yana ɗan mitsitsi alhali yanzu ma bai iya ba. Sati bai zagayo ba Baba ya shigo da ƙaramar a kwali. Ita Yaya ce ma ta riƙe masa katakon yana gogawa.

Auta ya ce amma yana tuna ranar, har jar rigarta yana tunawa. Ta ce ba ta taɓa mallakar jar riga ba. Labarin ne aka yi ta ba shi har ya fi masu ba shi iyawa.

Wani abu ya taso masa tun daga ciki, zafi ne da bai taɓa jin irinsa ba, don shi duk rayuwarsa bai ba kansa izinin yin fushi da kowa a gidan nan ba. Ya ce to ya ji, tana yarinya, an riƙe mata hannu, ba zai kama ta da wannan ba. Ranar da ya ninke takardar masana'anta fa, shekararta nawa? Tana nan a tsakar gida tana ji. Ranar da Baba ya rasu fa? Shekara ashirin ke nan ba mai korar kowa daga aiki. Ranar da ya zaunar da 'ya'yansa fa, da ƙaramar ta kira ta a waya tana kuka tana ba ta haƙuri a madadin ubanta, me ta ce wa yarinyar?

"Na ce mata na yafe."

"Kin yafe."

"Sau nawa na yi niyya, wallahi sau nawa. Sai ka shigo da jakarka kana tambaya me ya lalace, in kasa. Ka duba fa, Auta, wa nake da shi? Mutane in sun dube ni idon suke kallo, mijina ma haka ya yi ta yi har ya mutu. Da ka sani da ka tafi garin nan mai nisa, da sai dai in ji labarinka."

Ya ce da ta tambaye shi, da wataƙila ya zauna don kansa, ai yayarsa ce. Ta koma kan zarenta. Shi ma ya san yanzu ba wanda zai taɓa sanin amsar wannan, an riga an ƙwace masa ita.

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce abin da ya wuce ba zai dawo ba, abu ɗaya kawai yake nema. Matarsa da 'ya'yansa su ji daga bakinta. In shi ya faɗa, da lamba da roba da samfefa, za su ce Baba ya tsufa yana neman wanke kansa, amma in ita ta faɗa magana ta ƙare.

Sai a lokacin ta ajiye rigar. Ta ce haba Auta, mutumin da ke kabari? Jikokinsa suna yi masa addu'a, hotonsa na rataye a falon kowa, yanzu a tone shi a ce ya yi ƙarya a kan ɗansa? Ita kuma da wane ido yaran za su dube ta? Ta matso ta dafa gwiwarsa, muryarta ta yi laushi irin na lallashi.

"A bar shi yadda yake. Kai ai ka riga ka saba."

Ya dubi hannun da ke kan gwiwarsa har ta janye. Ya ciro waya ya kira matarsa, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye ta a kan tebur tsakaninsu. Ta yi ƙara sau uku aka ɗauka, ana jin ƙarar famfo da kwanuka a bayanta.

"Ga Yaya," in ji shi. "Tana da magana da ke."

"To, ina ji. Yaya, ina wuni? Lafiya dai ko?"

Yaya ta dubi wayar, ta dube shi. Har ga Allah a wannan daƙiƙar ya yarda za ta faɗa, har ya fara jin tausayinta kuma. Ta sunkuya kusa da wayar.

"Lafiya lau, amarya. Auta ne ya biyo ya kawo mini lemu, na ce bari in gaishe ki. Ya yaran? Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi?"

Matarsa ta yi dariya ta ce da sauƙi, ta ce ai Yaya ta kyauta. Auta yana zaune da hannuwansa a kan gwiwa yana saurare, suka tambayi juna gida, suka yi maganar tsadar gawayi, har suka yi sallama.